Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Laulayin Da Ake Jurewa Da Wanda Ba A Jurewa

Mata da yawa sukan yi watsi da ƙwayar tazarar haihuwa tun da wuri, saboda tashin zuciya, ciwon kai ko ɗigon jini tsakanin al'ada. Galibi wannan laulayi yakan lafa cikin wata 3. Shan ƙwayar bayan abincin dare yakan rage tashin zuciyar. Wadda ta daina kuwa, ciki na iya shiga nan da nan.

Amma ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya ko dishi-dishin gani ba abin haƙuri ba ne, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Sai asibiti, ba jinkiri. Mai hawan jini, da mai shan taba wadda ta kai shekara 35, su nemi likita ya zaɓa musu wata hanya.