Wuni ɗaya tare da jagora: daga dutsen Dabus zuwa tsohon garin Agadas

Daga Damagaram zuwa Agadas ta hanyar Tanut tafiyar kilometir 450 ce ko kusa da haka. Daga Tawa kuwa kimanin kilometir 400. Ma'aikatan gwamnati masu yawa sun sha bin waɗannan hanyoyi saboda aiki. Su sauka, su yi taro, su kwana biyu, su koma gida, ba su san kome game da garin ba sai hasumiyar masallaci da suka hango daga cikin mota. Alhali kuwa wuni ɗaya tak ya isa mutum ya ga abin da baƙi suka riƙa ƙetaro teku saboda shi, in dai ya samu jagora ɗan gari da abokan tafiya kaɗan.

A nan kaɗan na nufin mutum shida zuwa takwas, a cikin mota kat-kat guda biyu, don in ɗaya ta samu matsala ɗayar ta taimake ta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne lokacin ɗari, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Fita bayan gari a jihar Agadas ba a yin ta da ka. Jagora nagari yakan sanar da hukuma tun jajibiri, ya tambayi labarin hanya, ya tanadi ruwa fiye da abin da ake zaton za a sha. Baƙi ƴan ƙasashen waje kuwa ba su fita sai da izini da rakiyar sojoji.

Raƙuman dawa a bisa dutse

Ana tashi bayan sallar asuba, a kama hanyar Arlit, wadda aka shimfiɗa domin jigilar uraniyom. Hanyar ta ci jiki a wurare da yawa, don haka kilometir 110 da ke tsakanin Agadas da Dabus suna cin lokaci. Dalilin sammakon shi ne haske. Zanen da aka sassaƙa a jikin dutse ya fi fitowa sa'ad da rana take ƙasa-ƙasa, inuwa ta kwanta cikin kowane layi. Da rana ta take tsaka sai zanen ya dushe, mutum ya tsaya a kusa da shi bai gan shi sosai ba. A hannun dama duwatsun Abzin suna biye da matafiyi, baƙaƙe, wasu shuɗi-shuɗi saboda nisa. A hannun hagu fili ne shimfiɗe har iyakar gani.

Dabus tarin duwatsu ne a gefen wani ƙorama, ɗan nesa da babbar hanya. Wanda ba shi da jagora zai wuce shi bai sani ba. Sai an hau bisa, an zagaya, sannan a ga raƙuman dawa biyu a kwance jikin wani faffaɗan dutse mai gangare, babba da ƙarami. Tsawon babban ya kai metir 5 da santimetir 40, watau girman dabbar kamar yadda take a daji. Mai sassaƙar bai yi aikin gaggawa ba. Ya fitar da kowane roɗi na fatar, ya goge tsakaninsu, ya yi kunnuwa da ƙafoni da kofato da gashin wuya. Masana suna ƙiyasta shekarun aikin tsakanin 6000 da 8000, zamanin da babu ƙarfe a wannan ƙasa. Da dutse aka sassaƙa dutse.

Daga bakin kowane raƙumin dawa akwai wani layi da ya sauko har zuwa ga siffar wani ɗan ƙaramin mutum. Waɗansu sun ce igiya ce, alamar farauta ko kiwo. Waɗansu sun ce alama ce ta wata dangantaka ta addini tsakanin mutum da dabba. A nan ake gane jagoran kirki: yakan faɗi ra'ayoyin duka, ya bar mai kallo da tunaninsa. A duwatsun da ke kewaye an ƙidaya zane fiye da 800, kimanin 700 daga ciki na dabbobi ne, shanu da jiminu da zakoki da karkanda, har da ƴan rubuce-rubuce cikin tifinag, baƙaƙen Abzinawa. Karkanda da zaki ba su zama inda babu ruwa da ciyawa. Dutsen nan shaida ne cewa inda ake ganin hamada yau, dausayi ne a da. Raƙuman dawan da suka rage a Nijar yanzu suna can kudu, wajen Kure kusa da Yamai. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka saura, sai da aka tsaya musu sannan suka haura 600, kuma a 2018 aka kwashi takwas daga ciki aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi.

Makiyayan wurin sun daɗe da sanin dutsen. Wani masani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1987. Da labari ya bazu sai masu zuwa suka yawaita, ɓarna ta biyo baya: wani ya taka zanen da takalmi, wani ya kankare sunansa a gefe, wani ya ɓalli ɗan guntu ya sa aljihu. A 1999 aka ɗauki siffar zanen gaba ɗaya, aka zuba irinsa da alminiyom aka kafa a filin jirgin saman Agadas, aka kuma sa mutanen wurin su riƙa gadinsa da yi wa baƙi jagora. Dutsen irin mai yashi-yashi ne, yana marmashewa. Mutum takwas jagora ɗaya yana iya lura da ƙafar kowa. Mutum arba'in da suka zubo daga babbar mota, ba mai iya tsare su. Ba a takawa, ba a shafawa, ba a zuba ruwa don hoto ya fito.

Kafin a juya, akan zauna inuwar aduwa a sha shayi tare da masu gadi. Abin da baƙo ya ba su a nan yana cikin abin da ke riƙe su a wurin.

Gari mai unguwa goma sha ɗaya

Ana komowa Agadas wajen azahar. Bayan salla da abinci da ɗan hutu, la'asar sakaliya sai a bar motoci a shiga tsohon gari a ƙasa, domin lungunansa ba a yi su don mota ba. Hukumar UNESCO ta sa wannan sashe na garin cikin jerin kayan gadon duniya a shekarar 2013. Unguwa goma sha ɗaya ne, irin su Katanga da Amarewat da Obitara da Unguwar Bayi, kuma karkacewar hanyoyinsu ta samo asali daga yadda ƙabilu suka kafa zangonsu tun farko, kowa da iyakarsa, kafin tanti ya koma gidan ƙasa.

Ana farawa da fada, domin baƙo ba ya shiga gari bai gaida masu gari ba. Sarautar Abzin ta faro wajen 1405 da Sarki Yunus. Labarin baka yana cewa ƙabilun Abzinawa ne suka gaji da rigima tsakaninsu, suka aika har Santambul neman wanda zai raba musu gardama. Cikin wannan ƙarni na 15 ne sarakunan suka dawo Agadas da zama, garin ya zama mahaɗar ayari tsakanin Gat da Gadamus a arewa, Kano da Katsina a kudu, Gawo da Tumbutu a yamma. Askiya Muhammadu na Songai ya ci garin a farkon ƙarni na 16. Har zuwa ƙarni na 19 mutanen cikin gari wani reshe na harshen Songai suke yi. Yau wannan harshe ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa a kasuwa da cikin gida, tare da Tamajak. Bamaraɗe ko Badamagare ba ya bukatar tafinta a Agadas, sai dai ya ji Hausar da ɗan gishirinta dabam.

Wani abu da yakan ba mai ziyara mamaki shi ne sarautar Sarkin Turawa. Ba Nasara ake nufi ba. A tsohuwar Hausa, Turawa su ne Larabawa fatake masu zuwa daga arewa, kuma wannan basarake shi ke kula da harkarsu da kuɗin fiton kayansu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ambace shi. Barth ya iso Agadas a watan Oktoba na 1850, ya tarar ana shirin naɗin Sarki Abdulƙadiri, ya kuma ga gari ya ragu ƙwarai, kangaye sun yi yawa, mutanensa bai ƙiyasta sun wuce 7000 ba. Gidan da ya sauka yana nan, ana nuna shi. Ƙaramin gida ne, mutum takwas ma sai sun shiga kashi biyu.

Akwai kuma gidan Sidi Ka, wanda Faransawa ke kira gidan mai burodi, da aka gina a 1917. Daga waje ba a ganin kome sai bango. A ciki, ɗakin bene ya sha ado tun daga ƙasa har rufi, an tono laka an fitar da zane-zane da ƴan tagogin ajiye kaya. Yawancin gidajen tsohon gari da mutane a cikinsu, da matan aure da yara da awaki. Jagora ne zai yi sallama, ya jira a amsa, ya san gidan da ake shiga da wanda ba a shiga, da inda ba a ɗaukar hoto.

Daura da babban masallaci akwai ginin da aka yi wa Kawusan, wanda daga baya aka mayar da shi masaukin baƙi. A watan Disamba na 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya. Sai a farkon watan Maris na 1917 dakaru suka iso daga Damagaram suka buɗe barikin. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni: an karkashe mutane a Agadas da Ingal, cikinsu har da malaman da suka nemi mafaka a masallaci. An kashe Kawusan a ƙasar Fezzan a 1919, Tagama kuma ya rasu a kurkuku a Agadas a 1920. Ƴan lakwal suna karanta wannan cikin layi uku. Wanda ya tsaya a filin, jagora yana nuna masa ta ina aka shigo da inda aka tara mutane, zai koma gida da wani abu dabam.

Ba a barin unguwa ba a leƙa wurin maƙeran farfaru ba. A gaban baƙo za su siffanta abin wuya da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa kakin ya narke ya fita, su zuba azurfa a gurbinsa. Haka ake yin teneghelt, abin wuyan nan da ya zama tambarin Agadas. Kasuwar maƙeran ta faɗi tare da ta jagorori da direbobi. A shekarun 1980 tseren motocin Paris-Dakar yana bi ta garin, masaukai suna cika. Tawaye ya tsai da zuwan baƙi daga 1990 har aka yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Harka ta farfaɗo, jirage suna tasowa daga Faransa kai tsaye lokacin ɗari, sai tawaye na biyu ya zo daga 2007 zuwa 2009, sannan satar mutane a Arlit a watan Satumba na 2010 ta rufe ƙofa. Direbobi da yawa da suka san hamada kamar tafin hannunsu sun koma jigilar masu tafiya Libiya, waɗansu sun tafi haƙar zinariya a Jado daga 2014. Sanin da ke kan tsohon jagora ba a rubuce yake ba. In ya rasa wanda zai yi wa bayani, ɗansa ba zai ga dalilin koyo ba. Ƙungiyar ma'aikata takwas daga Tawa ko malaman lakwal shida daga Tasawa ba za su biya abin da Nasara ke biya ba, amma su ba su jiran jirgi, kuma ba su gudu in an ji wani labari a rediyo.

Ana ajiye hasumiya sai ƙarshe, dab da magariba. Ana danganta ginin masallacin ga Shehu Zakariya, wajen 1515, an kuma sake gina hasumiyar a 1844. Tsawonta metir 27, babu siminti babu ƙarfe, laka ce zalla da ƙananan tubala masu tsinin kai da ake mulmulawa da hannu. Itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikinta suna ɗaure ginin, su ne kuma matakan magina in za a yi yaɓe. Da izinin masu kula da masallaci ake hawa. Matakalar ciki tana ƙara tsukewa yadda ake ƙara sama, har a kusa da ƙarshe sai mutum ya karkace kafaɗa ya sunkuya, ɗaya bayan ɗaya, jemagu suna gilmawa. Bisa ƙololuwa wuri ne na mutum uku ko huɗu.

Daga nan ana ganin gari duka: farfajiyar fada a ƙasa, rufin soraye ja-ja, kasuwar raƙuma, koren garake a bakin ƙoramar Telwa, da duwatsun da aka bi gefensu da safe. Ana kuma ganin abin da ba a gani daga lungu, watau gidajen da rufinsu ya rufta da waɗanda aka liƙa wa siminti. Siminti bisa laka yana tsare danshi a ciki, bango ya ruɓe ta ciki har ya zube. Ruwan sama shi ne babban abokin gaban garin. A farkon watan Satumba na 2009 Telwa ta ɓalle ta rushe dubban gidaje a Agadas. Damanar 2024 ta sake taɓa tsohon gari, kuma a cikin wannan damana ce tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Hasumiyar Agadas tana tsaye ne domin lokaci-lokaci Sarkin Magina da mutanensa suna hawa itatuwan nan, jama'ar unguwanni suna kwaɓa ƙasa suna miƙa musu.

Ladan yana gyara murya sai a fara saukowa, da baya-baya, na ƙasa yana haska wa na sama tocila.