Tarihin Kano: Alƙalamin Wane Ne?

Duk yaron da ya tashi a Jahun ko Dutse ya taɓa jin labarin Bagauda da Barbushe da Tsumburbura, ko a aji, ko a filin tarihi na jarida da rediyo. Abin da ba kasafai ake gaya masa ba shi ne, kusan duk labaran nan daga rijiya ɗaya aka ɗebo su, wato littafin Larabcin nan da ake kira Tarihin Kano. Wanda ya haƙa rijiyar kuwa bai bar sunansa ba.

Littafin ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Wani jami'in mulkin mallaka, H.R. Palmer, ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a wata mujallar masana ta Ingila a 1908. A 1933 fassararsa ta Hausa ta fito daga Zariya cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ƙarƙashin kulawar Rupert East. Daga nan ya shiga makarantu da bakin jama'a, har aka manta cewa akwai hannun da ya riƙe alƙalamin.

Masana dai ba su manta ba. M.G. Smith yana ganin an daɗe ana rubuta shi, kowane zamani yana ƙara nasa. Murray Last kuwa ya nuna cewa aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne, ya kuma karkata ga Malam Barka, wanda ya riƙe sarautar Ɗan Rimi, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki, a zamanin Bello. A 1994 John Hunwick ya sake bin diddigin muhawarar a wata maƙala da ya keɓe wa wannan tambaya.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Jahun da wannan gardama? Ruwansa babba ne. Ƙasar Jahun da Dutse tana ƙarƙashin Kano ne kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, saboda haka da wannan madubi muka saba duba fuskarmu. To, yaya Dutse ta fito a ciki? Ta fito a matsayin garin da Sarki Abdullahi Burja ya auro 'yar sarkinsa a ƙarni na 15, da kuma garin da Sarki Kumbari ya kai wa yaƙi a ƙarni na 18. In har bafade ne marubucin, ba abin mamaki ba ne ya tsaya a ƙofar fada ya hango mu daga nesa. Wannan bai rage darajar littafin ba, sai dai sanin mai magana shi ke nuna yadda za a auna maganarsa.

Darasin ya shafi jaridunmu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, da Sodangi ta Lardin Kano a shekarun 1950, sun bar mana dubban shafuka. Lokaci ya yi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa za su je ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, su tono abin da aka rubuta game da garuruwanmu, su gano marubutansa, su kuma gwada shi da abin da dattawan Jahun suka gada daga iyayensu, tun suna raye.

Su kuma editocinmu, duk wanda ya kawo musu tarihin wani gari, su nemi sunansa da na wanda ya ba shi labarin, su buga. Kada jikokinmu su sha wahalar da Tarihin Kano ya ba masana.