Gudumar sukari da kwaɗon Buzaye: A san darajarsu kafin a sayar

A gidaje da dama na Takanamat da kewayen Tawa akwai tsofaffin kayan da ake yi wa kallon tarkace, alhali masu tara kayan tarihi a Faransa da Amurka na neman su ruwa a jallo. Daga ciki akwai gudumar fasa dunƙulen sukarin shayi da kwaɗon kulle jakar fata, aikin maƙeran Buzaye na ƙarfe da tagulla.

Dillalai kan bi kasuwannin ƙauye da kasuwar Lahadi ta Tawa su saye su da araha, su kai Yamai, inda masu saye ke leƙa cibiyar sana'o'in hannu ta Wadata da rumfunan Gidan Tarihi na Boubou Hama.

Don haka mai sayarwa ya tuntuɓi dillali fiye da ɗaya. Kada ya kankare dattin tsufa, domin shi ne shaidar asali, kuma kada ya raba kwaɗo da makullinsa. Mai saye kuwa ya sani cewa dokar Nijar ta 1997 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izinin hukuma ba.