Ɗan'uwan Karfasa a Akwatin Gilashi

Karfasar da masunta ke kamawa a tafkin Tabalak tana da 'yan'uwa ƙanana masu ado. Cikinsu akwai kribensis, kifin kogunan kudancin Najeriya da Kamaru, wanda cikin macen yake yin ja wur lokacin ƙwai.

Mai son kiwonsa a Azarori ko Madawa da ke yankin Tawa, zafi ne babban abin tsoronsa. Kifin yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, alhali a Afrilu zafin yankin Tawa yakan haura 40. A ajiye akwatin nesa da rana, a sauya rubu'in ruwan kowane mako, ruwan famfo kuwa sai ya kwana tukuna. A kifa masa kasko a ƙasa, domin a kogo yake ƙwai.