Idan Bakin Yaro Ya Yi Nauyi, Kada a Ɗora wa Yawan Harsuna Laifi

A garuruwanmu na kan iyaka, kamar Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙwanni, yaro yakan tashi yana jin Hausa a kasuwa, Fulatanci ko Zabarmanci ko Buzanci a gida, Larabci a makarantar allo, Turanci ko Faransanci a makarantar boko. Saboda haka idan yaro ya yi jinkirin magana, sai ku ji ana cewa harsunan ne suka ruɗa shi. A aikina na jinya na sha jin wannan magana, kuma ba gaskiya ba ce. Allah Ya ba ƙwaƙwalwar yaro ikon ɗaukar harshe biyu ko uku a lokaci guda. Cakuɗa su a cikin jimla ɗaya ma ba cuta ba ce, haka ku ma kuke yi wajen ciniki.

Ga yadda ake auna yaro. Kafin ya cika shekara 1 yakan yi gwarancin "ba-ba" da "ma-ma", ya waiga idan an kira sunansa. Wajen shekara 1 yakan furta kalmarsa ta farko. A shekara 2 yakan san kalmomi kimanin 50, ya fara haɗa biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo". A shekara 3 yakan yi gajerun jimloli, a shekara 4 kuma ko baƙo yana gane yawancin abin da yake faɗa. Idan za ku ƙirga kalmominsa, ku haɗa na duk harsunan da yake ji. Wanda ke da kalma 30 a Hausa da 25 a Fulatanci, kalma 55 gare shi.

Yaron da ke zuba da harshen gida amma yana fama da Faransanci ko Turancin makaranta, lokaci da koyarwa kawai yake bukata. Mai larura kuwa, nauyin bakin yana bayyana a kowane harshe, har da na mahaifiyarsa. Binciken da aka yi a Ingila da Amurka ya nuna kimanin yara 7 cikin 100 na da wannan matsala ta koyon harshe, alhali kunnensu da hankalinsu lafiya lau. Ba taurin kai ba ne, ba kuma sakarci ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne kunne, domin wanda bai ji ba, ba zai kwaikwaya ba. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani ga jariri, da ciwon kunne mai fitar da mugunya duk suna iya rage ji. Ku garzaya asibiti idan yaro ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalmomi biyu ba, ko kuma ya daina faɗin abin da a da yake faɗa. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku, ku nemi a tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Najeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A Nijar, ana kiran mai gyaran magana "ortofonis". Ku gaya masa duk harsunan da ake yi a gidanku, ku kuma tafi da wanda zai yi tafinta idan da hali.

Mai gyaran magana ba allura yake yi ba. Ta hanyar wasa da hotuna da maimaici yake koya wa yaro, sannan ya nuna muku abin da za ku ci gaba da yi, domin mafi yawan aikin a hannunku yake. Ko a rumfar kasuwa kuna iya yi. Ku durƙusa daidai fuskarsa, ku ambaci abin da yake kallo: "Ga albasa. Albasa babba." Idan ya ce "ruwa", ku ce "kana son ruwa". Ku ba shi zaɓi: "Ƙosai ko kunu?" sannan ku dakata ya amsa, kada yayyensa su riga shi. Ku yi masa tatsuniya da dare, ku rage bar masa waya.

Kada ku daina yi masa harshenku na gado. Harshen da kuka fi iyawa shi ne wanda zai fi samun kalmomi masu yawa a cikinsa, shi ne kuma zai sada shi da kakanninsa. Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yanka ƙarƙashin harshe: hakan ba ya buɗe baki, yana iya jawo zubar jini da shigar cuta. Kada a doke shi ko a yi masa dariya, musamman mai in'ina. Idan an tabbatar kurma ne, maganar hannu cikakken harshe ce, ku koye ta tare da shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rufe rumfa na wuni guda domin a duba yaro ya fi a jira har ya shiga makaranta yana kallon malami bai fahimta ba. Allah Ya raya mana zuriya.