Yadda Ake Buɗe Imel da Sunan Kasuwanci ta Wayar Hannu

Idan matashi mai sayar da shinkafa a Gaya, ko ƙungiyar manoma a Ajingi, za su aika takardar farashi ga wani kamfani a Legas ko su nemi tallafi, abu na farko da mai karɓa yake gani shi ne adireshin da saƙon ya fito. Adireshin da ya ƙare da @gmail.com kowa na iya buɗe shi cikin minti biyar. Wanda ya ƙare da sunan kasuwanci, misali ofis@sunankasuwanci.com.ng, ya fi shi kwarjini, kuma ana iya haɗa shi gaba ɗaya ta wayar hannu ba tare da an shiga mota zuwa Wudil ko Kano ba.

Layi daban, waya daban

Abubuwa biyu ne ake buƙata. Na farko shi ne domen, wato sunan da ke bayan alamar @. Na biyu shi ne kamfanin da zai riƙa karɓar saƙonni yana ajiyewa, kamar Zoho Mail ko Google Workspace. Domen kamar layin waya yake, kamfanin imel kuma kamar wayar da aka sa layin a ciki. Mutum na iya canza waya gobe ya ci gaba da lambarsa, amma idan layin ya kuɓuce masa, kira ba zai ƙara samunsa ba komai kyan wayar.

Mataki na 1: Sayen domen

Sunayen da suka ƙare da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, amma ana saye ne ta hannun kamfanonin da ta amince da su, irin su QServers da Web4Africa, kuma ana biya da naira. Domen haya ce ta shekara-shekara, kuma .com.ng ya fi .ng sauƙin kuɗi. Ba dole sai mutum yana da shafin intanet ba, domen kaɗai ya isa a yi imel.

A nan ne da yawa suke yin asara. Mutum zai ba wani yaro mai shagon kwamfuta kuɗi, yaron ya yi rajista da imel ɗinsa da lambar wayarsa. A wajen kamfani, yaron ne mai domen. Ran da aka ɓata, ko ya bar gari, ko ya manta bai sabunta ba, duk saƙonnin kasuwancin sun tsaya. Kamar yadda mai hankali ba zai ɗora kasuwancinsa a kan layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani ba, haka ya kamata domen ya kasance da sunan mai shi. Mai taimako ya taimaka, amma asusu da kalmar sirri su zauna a hannun mai kasuwanci.

Mataki na 2: Zaɓen kamfanin imel

Zoho Mail yana da tsarin kyauta na mutum 5, kowanne da ma'ajiya mai gigabait 5. Sai dai ana amfani da shi ne ta burauza ko manhajar Zoho Mail kawai, ba a iya jona shi da wata manhajar imel sai an koma tsarin biya. Google Workspace na kuɗi ne, ana lissafi a kan kowane mutum duk wata, amma fuskarsa ita ce ta Gmail da kowa ya saba da ita. Ga ƙaramin shago ko ƙungiya, tsarin kyauta ya isa a fara.

Mataki na 3: Haɗa su ta DNS

DNS kundi ne da ke gaya wa intanet inda za a kai duk abin da aka aiko da sunan domen. Ana samunsa a asusun kamfanin da aka sayi domen. A waya, shafin ya fi sauƙin aiki idan aka sa Chrome ya nuna shi irin na kwamfuta.

Da farko kamfanin imel zai ba da wani rubutu a sa a matsayin bayanin TXT, domin ya tabbatar domen na mutum ne. Daga nan sai bayanan MX, waɗanda ke nuna inda saƙonni za su sauka. Na Zoho su ne mx.zoho.com mai lamba 10, da mx2.zoho.com mai lamba 20, da mx3.zoho.com mai lamba 50. Ƙaramar lamba ake fara gwadawa, sauran na ko-ta-kwana ne. Na Google guda ɗaya ne, smtp.google.com mai lamba 1. A goge duk tsofaffin MX da aka tarar, in ba haka ba wasu saƙonnin za su riƙa tafiya wani wuri. Kwafa za a yi daga shafin kamfanin a liƙa, domin harafi ɗaya kan ɓata aikin. Sauyin kan kama cikin mintuna, amma yana iya kai wa awa 48.

Mataki na 4: Kada saƙo ya faɗa sifam

Da an gama MX saƙo zai fara shigowa, shi ya sa wasu suke tsayawa a nan. Amma saura shaidar masu fita. SPF bayani ne da ke lissafa kamfanonin da aka yarje wa aika saƙo da sunan domen. Na Google shi ne v=spf1 include:_spf.google.com ~all, kuma domen ɗaya SPF ɗaya yake ɗauka. DKIM kuma hatimi ne da ake bugawa a kan kowane saƙo, ana kunna shi a shafin kamfanin imel sannan a kwafo makullinsa zuwa DNS. DMARC shi ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa cika waɗannan sharuɗɗa.

Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa saƙo ya kasance da SPF ko DKIM, masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana kuma sai sun haɗa duka ukun. Wanda ya tsallake matakin nan zai iya aika takardar neman kwangila ta faɗa sifam ko a dawo da ita, shi kuma yana can yana jiran amsa.

Gwaji da kulawa

A aika saƙo daga sabon adireshin zuwa wani Gmail, sannan a amsa daga can. Idan ya je akwatin saƙonni kai tsaye kuma amsar ta dawo, aiki ya kammala. Sai a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun imel da na domen.

Asusun domen kuwa a bar shi a kan tsohon Gmail, kada a mayar da shi kan sabon adireshin. Idan wa'adin domen ya ƙare, sabon imel ɗin zai daina karɓar saƙo, ciki har da na tunatarwa da na sauya kalmar sirri. Kuma domen ɗin da aka daɗe ba a sabunta ba yana komawa kasuwa, wani ya saya ya riƙa karɓar saƙonnin abokan ciniki. Saboda haka a sa ranar sabuntawa a kalandar waya, da tunatarwa wata guda kafin lokacin.