Dutsen Wasa Adda Ba Na Aska Ba Ne

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka mun sha ganin wani abu. Mutum ya gama wasa addarsa da laujensa a kan dutsen ƙofar gida, sai ya ɗauko aska ya goga a wurin, ya kira yaro ya zo aski. Tun ba a kai gaban goshi ba yaro yana kuka, kai duk ƙananan yanka. Sai a ce askar ce ba ta da kyau, ko yaron ne ba ya tsayawa. Alhali kuwa laifin dutse ne.

Bakin adda mai kauri ne, yana son dutse mai kaushi wanda zai ci ƙarfe da sauri. Bakin aska kuwa siriri ne ƙwarai. Dutse mai kaushi yakan bar masa ƙananan haƙora kamar na zarto. Ido ba ya ganinsu, amma fata tana ji.

Zaɓen dutse

Dutsen nan mai fuska biyu da ake sayarwa a kasuwa, sau da yawa na kabarandam ne, watau wani yashi mai tauri da Edward Acheson ya fara haɗawa a Amurka a 1891. Yana da kyau ga adda da wuƙa, amma ya yi wa aska kaushi.

Duwatsun kamfani suna da lamba a jikin kwalinsu. Ƙaramar lamba kaushi ke nan, babba kuwa laushi. Mai lamba 1000 shi ke gyara baki in ya dakushe ko ya yi giɓi. Mai 4000 yana share zanen da na farko ya bari, mai 8000 kuma shi ke kammala kaifi. In dutsen gida ne marar lamba, ku shafa shi da farce. In kun ji yashi-yashi, ku bar wa adda. Ku nemi mai santsi, marar tsaga, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska.

Dutse mai laushi yana da tsada. Amma ƙungiya tana iya sayen guda ɗaya, a ba mutum ɗaya ajiyarsa, a hana kowa ɗora masa adda.

Yadda ake wasawa

Ku jiƙa dutsen da ruwa, kada ya bushe ana cikin aiki. In dutsen mai ne, a tsaya ga mai, gama wanda ya sha mai ba ya karɓar ruwa kuma.

Ku kwantar da aska, baki da baya duka suna taɓa dutsen. Kaurin bayan shi ke tsai da bakin daidai. Ku tura ta, baki a gaba, kamar kuna so ku yanko ɓawon dutsen. In kun kai ƙarshe, ku juya ta a kan bayanta, ku komo. Kada ku juya ta a kan baki, kada kuma ku danna. Nauyin askar ya isa. Yawan tafiya, yawan dawowa.

Daga nan sai fata. A kan fata baya ne ke gaba, baki yana bi, in ba haka ba za ku yanke fatar. Ku gwada a gashin hannunku. In ta ɗebe shi ba ja, ta yi. Aska mai kyau fata take so kullum, dutse kuwa sai jifa-jifa.

Da daɗewa tsakiyar dutse takan yi kwari. Ku zana masa layi da fensir, ku shimfiɗa jiƙaƙƙiyar sanfefa a kan gilashi, ku goga har layin ya ɓace duka.

Kaifi ba tsabta ba ne

Wannan shi ne babban gargaɗinmu. Wasawa ba ta kashe ƙwayar cuta. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, askar da ta yanki wani kuwa tana iya kai su ga na gaba, har da jinjiri ranar suna. Bayan wasawa, a wanke aska da sabulu, a tafasa ta minti 20, a shanya ta sosai don kada ta yi tsatsa. In wanzami ya zo gidanku, ku ba shi tukunya da wuta tun bai buɗe zabira ba. Wanda ya iya, ya ajiye askar gidansa dabam.